Jarumin da Yake Shan Magani

BABI NA SHA ƊAYA

"Yaron nan maganin ƙwaƙwalwa yake sha."

Haka Bappa ya faɗa ba tare da ya yi wa maganar ado ba, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kofin kunun gyaɗa daga kan tiren da Ni'ima take riƙe da shi.

Kunu kawai aka ce ta kawo falon, amma Bappa ya jira sai da ta durƙusa sannan ya saki maganar, don ya ga abin da fuskarta za ta yi.

Ƙanin mahaifinta ne, kuma shi aka ɗora wa binciken Ikrima tun ranar da magabatansa suka zo neman aurenta. A danginsu idan Bappa ya binciki mutum, har ciwon da ya kashe kakar kakarsa sai an sani.

Mahaifinta, Alhaji Hammajoda, babban ɗan kasuwar hatsi a kasuwar Muda Lawal, ya ajiye carbinsa.

"Wa ya faɗa maka?"

"Maƙwabcinsu ya sha ganinsa a layin masu taɓin hankali a asibiti. Ban tsaya nan ba, Yaya. Saurari wannan."

Ya zaro waya ya danna.

Sana'ar Ikrima ke nan, fassara finafinan Turawa zuwa Hausa. Shi kaɗai yake yin muryar jarumi da mugu da tsohuwa da yaro, masu tura fim a waya su sayar daga Yelwa har Wunti. Sauran masu fassara sukan cusa barkwanci ko'ina, jarumi na kuka su sa shi yana cigiyar tuwo. Ikrima ba ya yi. Idan jarumi ya yi kuka, da kukansa yake kawo shi Hausa.

Ni'ima ta gane fim ɗin tun daga kiɗan farko. Na wani jarumi ne mai tashi sama, wanda ya taɓa ɗauko yaro daga ambaliya, hannunsa ya suɓuce, yaron ya faɗa ruwa. Tun daga ranar ya koma tsoron sama. Sai ya sa alkyabbarsa ya hau rufin bene, gari na kiran sunansa, shi kuwa gwiwoyinsa na rawa.

Muryar Ikrima ta cika falon, a shaƙe.

"Ina tsaye a bakin ruwan. Yana kirana, Yaya, Yaya. Ƙafata ta ƙi ɗagawa. Na iya ruwa, wallahi na iya. Ban shiga ba."

Daga nan sai sheshsheƙar kuka, irin wadda ba a koya.

Bappa ya kashe wayar.

"Na sa wani ɗalibi ya duba min na Turancin. Baturen bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, shiru kawai ya yi. Labarin kansa yaron nan yake bayarwa. Ƙaninsa Abdulmuhaimin a dam ɗin Gubi ya nutse, yana tsaye yana kallo. Daga nan kansa ya taɓu. Yanzu ya ɗauki kukansa ya zuba a wayar kowane ɗan acaɓa."

Alhaji ya sake ɗaukar carbinsa.

"Ba na yanke hukunci da an ce. A kira shi gobe bayan la'asar, in ji daga bakinsa. In gaskiya ne, maganar ta mutu." Ya dubi 'yarsa. "Ba zan yi miki dole ba, Ni'imatu, kin wuce nan. Amma ba zan bayar da ke inda zan kasa barci ba. Kabiru kuma har yanzu bai janye ba."

Ta tashi da tiren, kofunan na karo da juna.

*

A kicin Ummi ta same ta, ta haɗa kai da bango.

"Kin sani?"

"Na sani, Ummi. Tun kafin ya ce yana sona ya faɗa min. Ba hauka ba ne. Damuwa ce, likita yake gani, yana shan maganinsa. Kin taɓa ganin ya yi wani abin da ba daidai ba?"

"Ni ba ni zan ɗaura ba." Ummi ta ja kujera ta zauna. "Kawun babanku a ruga aka ɗaure shi a gindin tsamiya da sarƙa, babanku na yaro, shi yake kai masa fura. Mutumin da ya ga wannan za ki tsaya yi wa bayanin likita?"

Hawaye ya ɓalle wa Ni'ima.

"To me ya hana ki Kabiru? Ɗan goggonki ne, ga aiki, ga lafiya. Shi ya ciro babanku daga mota a hanyar Darazo."

Wannan labarin Ni'ima ta haddace shi. A kowane biki sai an ba da shi, kuma kullum ƙara girma yake. Da farko ƙofa kawai Kabiru ya ɓalle. Bara an ce motar na cin wuta. Bana a bakin Goggo da hannu ɗaya ya ɗaga ta. Shi kuma Kabiru, Allah ya ba shi haƙuri, bai taɓa gyara wa kowa ba, sai dai ya gyara zaman hularsa.

"Ummi, Yaya Kabiru bai taɓa ce min ya ji tsoron komai ba. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Ina zama da shi kamar ina gaban hoton kalanda."

"Kin ga abin da kallon finafinan nan ya jawo miki. Mutum lafiyayye ya zama abin ƙi, mai rauni ya zama abin so." Ta kamo hannunta, muryarta ta yi laushi. "Ni'ima, fim yana ƙarewa ki tashi ki wanke fuska. Ranar da mijinki ya rufe kansa a ɗaki ya ƙi magana, ga yara, ga cefane, babu mai saka miki kiɗa."



Ummi ta miƙe ta nufi ƙofa, har ta kai ta tsaya ba tare da ta juyo ba.

"Bappanku ba shi da takarda, ba shi da shaida sai maganar maƙwabci. Babanku kuma ya ce daga bakinsa zai ji. Ni dai ban ce komai ba."

*

Washegari ana tashi daga makarantar da take koyarwa a Gwallameji ta tari keke zuwa Yelwa.

Hanya duk tunani take. A wani zauren masoya fim na waya suka fara haɗuwa. Lokacin da fassarar nan ta fito samari sun yi ta ƙorafi, wai babu faɗa, wai hoton ya yi duhu, wai an kawo musu jarumi rago. Ita kaɗai ta tsaya ta kare shi, da dogon rubutun da ya sa aka yi mata laƙabi da lauyar ragwaye. Da yamma sai ga saƙo daga wanda ya yi muryar, yana cewa, ke kaɗai kika ji abin da na faɗa.

Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne a bayan shagon gyaran waya. Ya manne bangon da kwalayen ƙwai da soson katifa don kada ƙarar titi ta shiga. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta bar ta a buɗe.

Yana ganin idonta ya cire abin kunnensa.

"Bappa ya gano."

Ta gyaɗa kai.

"Da ma na sani. An ce min wani dattijo ya zo unguwarmu yana sayen goro ba ya ci." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Shi ke nan. Zan je in faɗa wa Baba komai. Zan kai masa katin asibitin ma, in yana so ya ga likitan."

"Kada ka kai."

Ya dube ta.

"In ka amsa, an gama, Ikrima. Ya riga ya faɗa. Ba zai saurari bayani ba."

"To me zan ce?"

Ta dubi ƙasa, ta dubi kwalayen ƙwan, ko'ina ban da fuskarsa.

"Ka ce ƙarya ne. Ka ce rakiya kake yi wa wani a asibitin. Ka ce kukan aiki ne, iya murya ce."

A fuskar kwamfutarsa wani jarumi ya tsaya cak da jini a goshi, inda ya dakatar da shi.

"Ni'ima, kin tuna abin da kika rubuta a zauren nan?"

"Don Allah kada ka..."

"Kika ce jaruman da suke tashi daga faɗa ko rigarsu ba ta yamutse ba sun gundure ki. Kika ce wanda bai san tsoro ba dutse ne aka ɗinka wa riga. Kika ce wanda kike so shi ne mai rawar gwiwa, da ya kasa tashi amma ya sauko ta matattakala ya tafi wurin gobarar da ƙafa." Ya dubi fuskar kwamfutar. "Na karanta shi har na haddace. Ranar na fara cin abinci da daɗi tun rasuwar Abdulmuhaimin."

"Har yanzu haka nake ji."

"A fim."

Kalmar ta soke ta. Ta durƙushe a bakin ƙofar tana kuka, ba ta damu da masu wucewa ba.

"Eh, a fim ya fi sauƙi, na yarda. Can ba ni da uba, ba ni da Bappa. Ina zaune da gyaɗata ina yaba wa mutum don ya faɗi gaskiya, ba abin da zan rasa. Yanzu kai zan rasa. Ni ba jaruma ba ce, Ikrima, tsoro nake ji. Na ƙi mutum nawa saboda kai? In aka raba mu ban san yadda zan yi da raina ba."

"In aka ɗaura fa? Zan riƙa ɓoye maganin a ƙarƙashin katifa duk ranar da Ummi ta zo?"

"In an ɗaura an ɗaura. Sai mu san yadda za mu yi."

"Shekarun da na yi ina cewa lafiyata ƙalau su suka kusa kashe ni. Likita bai fara min magani ba sai da na iya buɗe baki na ce ba ni da lafiya. Yau ke kike cewa in koma."

"Na yini ɗaya ne."

Tana ganin yadda hannunsa yake rawa a kan tebur, ya sa ɗayan ya danne shi.

"Sau ɗaya aka taɓa kirana ina tsaye ban motsa ba," ya faɗa a hankali. "Ba zan sake ba. Tashi ki tafi gida. Zan zo."

Ta sami abin da ta zo nema, amma ta koma gida zuciyarta a cunkushe kamar wadda ta yi sata.

*

Bayan la'asar ya iso. Ni'ima tana bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna, ko hijabin sallarta ba ta cire ba.

Ta leƙa, ta kusa kasa gane shi. Farar shadda, hula ta zauna daram, kafaɗa a miƙe. Ya yi sallama da wata murya mai kauri da fara'a. Ta san muryar. Ita yake ba jaruman nan masu sheƙi, waɗanda ake harbi su yi dariya.

Aka gaisa. Alhaji bai yi kwana-kwana ba.

"An ce kana zuwa asibitin ƙwaƙwalwa."

Ikrima ya yi dariya mai sauti, cikin ladabi.

"Gaskiya ne an gan ni, Baba. Wani abokin aikina nake rakawa, iyayensa ba sa gari. Ba zan faɗi sunansa ba saboda amana."

"Kukan nan fa?" Bappa ya ɗaga waya.

"Sana'a ce, Bappa. In kuna so yanzu in yi muku kukan tsohuwar da akuyarta ta ɓata."

Bai jira ba ya yi. Ya yi shi da kyau har Alhaji, wanda ake daɗewa ba a ga haƙorinsa ba, ya murmusa. Daga nan ya yi muryar dillalin hatsi yana rantsuwa a kan buhun da rabinsa ƙaiƙayi ne. Alhaji ya yi dariya har da tari.

A bayan labule Ni'ima ta toshe bakinta da hijabi. Ya iya, ya iya fiye da yadda ta zata. Kuma duk dariyar da aka yi sai ta ji kamar ana ƙara nisanta shi da ita. Ita kaɗai take hango hannunsa na dama da ya tura ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

"Ƙaninka fa?" Bappa bai yi dariya ba. "An ce kana wurin."

Ikrima ya gyara zaman hularsa.

"Ba na wurin. Ina gida aka zo aka faɗa mana."

Ni'ima ta runtse ido. Wannan ba ta roƙe shi ba, amma ƙaryar da ta aiko shi da ita ce ta jawo 'yar'uwarta.

Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi ƙaninsa.

"To ka ji. Ni dai hankalina ya kwanta da yaron nan. Mai ciwon kai ba ya zama haka."

"Nawa ma zai kwanta, Yaya, saura abu ɗaya." Bappa ya juya wajen labulen, kamar tun ɗazu yana ganin ƙafafunta. "Ni'ima, na san kina nan, kuma da alwalarki. Shiga ɗakin babanki ki ɗauko Alƙur'ani."



"Abin bai kai nan ba," in ji Alhaji.

"Ya kai. 'Ya za mu bayar, ba buhun masara ba. In gaskiya ya faɗa, me zai ji tsoro? Kana da alwala, yaro?"

"Ina da ita," Ikrima ya amsa. Muryar ta ɗan tsage daga ƙarshe.

Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta ɗakin ba. Ta ɗauko shi daga kan kanta, cikin gafakarsa ta fata, ta rungume a ƙirji. Tun tana ƙarama take jin yadda ake tsoron wannan rantsuwa, manyan mutane suna yafe haƙƙinsu don kada a kai ga dafawa.

Ta shigo falon ta durƙusa. Tsakaninta da Ikrima bai fi taku biyu ba.

Ya ɗago ya dube ta. Fara'ar nan duk ta zube. Idanunsa sun yi ja, kuma ta ga abin da ya fi komai tayar mata da hankali: zai yi. Ya zaro hannun da ya zauna a kai, yana karkarwa a fili, ya miƙo shi.

"Ba shi," Bappa ya ce.

Ta tuna shi a ɗakin kwalayen ƙwai yana cewa ba zai sake tsayawa ba. Mutumin da ya kasa yafe wa kansa tsayuwar da ya yi a bakin ruwa, yaya zai kwana da wannan? Aure za a ba ta, ta sani. Amma wanda za a kawo mata ba zai ƙara warkewa ba, kuma ita ta tura shi.

Yatsunsa sun kusa taɓa gafakar ta janye.

"Ni'imatu?" Alhaji ya kira ta.

"Kada ya dafa, Baba."

"Ni'ima, bari," Ikrima ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ƙarya ya yi muku, kuma ni na sa shi." Hawaye na zuba, amma muryarta ta fita. "Na je har wurin aikinsa ɗazu na durƙusa na roƙe shi. Shi da katin asibitinsa ya yi niyyar zuwa. Yana shan magani, Baba. Yana wurin ranar da ƙaninsa ya rasu, tsoro ya kama shi, kuma tun ranar bai huta ba. Bai taɓa ɓoye min ba. A haka na so shi, a haka nake son sa. Ni ce na ji kunyarsa a gabanku, ba shi ba."

Daga tsakar gida aka ji faɗuwar murfin tukunya a hannun Ummi.

Bappa ya jingina da kujera. Ko shi bai yi kama da wanda ya yi nasara ba.

Alhaji ya miƙo hannu biyu ya karɓi Alƙur'anin daga hannunta, ya ɗora a cinyarsa. Fuskarsa ta tsufa a ɗan lokacin nan.

"Gaskiya ta faɗa?"

Ikrima ya cire hular ya riƙe a hannu. Da ya buɗe baki, muryarsa ce ta gaske, ƙarama, a shaƙe, wadda ta fito daga wayar Bappa jiya.

"Gaskiya ne, Baba. Ba ni da lafiya, amma ina samun sauƙi. Ku yafe min."

Ni'ima ta ji wani sanyi ya ratsa ta a tsakiyar baƙin cikin. Ya dawo.

"Da ka shigo min da wannan tun farko," Alhaji ya ce a hankali, "da na hana ka, amma ina ganin girmanka. Yanzu ka zauna a falona ka sa ni dariya." Ya kawar da kai. "Allah ya ba ka lafiya. Tashi ka je. Gobe Bappa zai mayar wa magabatanka kayansu."

"Baba, don Allah..."

"Ke kuma ban da abin da zan ce miki yau."

Ikrima ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya neman takalminsa, ƙafarsa na kuskure shi. Ta bi shi da rarrafe har bakin labulen waje, ba ta damu da kiran da Bappa yake mata ba.

"Na kashe mana aure, Ikrima."

Ya juyo. Fuskarsa jiƙe take, amma hannunsa ya daina rawa.

"Na miƙa hannu, Ni'ima. Da kin bari da na dafa." Ya goge ido da hular. "Ke kika shiga ruwan."

Ya sa kai ya fita.

Tana nan durƙushe ta ji ƙarar babur ɗinsa tana nisa, har ta ɓace cikin hayaniyar titi. A bayanta kuma ta ji mahaifinta yana cewa, da muryar da ta gaji,

"Bappa, kira min Kabiru."